Ƙafar Baba Birki

Mahaifina bai taɓa koyar da tuƙi da takalmi a ƙafarsa ba. Da ya shiga mota ya zauna a kujerar mai zaman banza, abu na farko shi ne ya tuɓe takalmin dama ya tura ƙarƙashin kujera, sannan ya ɗora babban yatsansa a kan birkin da mai walda ya ƙara masa a ɓangarensa. Ya ce takalmi kurma ne. Wai kafin ɗan koyo ya yi shirme sai motar ta faɗa, kuma ba kunne take faɗa wa ba, yatsa take faɗa wa. Shi ya sa unguwa ta manta sunansa na gaskiya, kowa sai Baba Birki, har surukansa.

A filin da ke bayan tsohon sito yake aiki, inda ya jera tsofaffin tayoyi da galan-galan a matsayin kwana da wurin fakin. Tun ina goye yake can. Ya koya wa malaman makaranta, ya koya wa masu kuɗin da suka sayi mota kafin su san ina giya take, ya koya wa tsofaffin matan da 'ya'yansu suka gaji da kai su asibiti. Ba ya tsawa, ba ya fizge sitiyari. Ɗan koyo zai ruɗe ya danna totur a madadin birki, ya rufe ido yana salati, sai ya ji mota ta tsaya cak, Baba na gefe yana sakace haƙori. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa buge ko kaza a hannunsa ba.

Amma yana da wani hali da ya gagari kowa a gidanmu. In ya ga abin da ya shiga ransa, aka ce masa ba zai samu ba, ba ya rigima, ba ya naci. Sai ya ce, "To," ya juya. Wanda bai san shi ba sai ya ce kai, ga mutum mai haƙuri. Ina! Daga ranar, duk abin da aka ajiye masa a gaba ba zai duba wanda ya fi amfani ba, wanda ya fi kama da wancan zai ɗauka.

Haka muka samu motar da ta cinye mana ƙuruciya. Ya je wurin dillali ya ga wata fara fes, aka ce ai an riga an saye ta, mai ita ma yana hanya. Saura biyu. Ɗaya shuɗiya ce, mummuna, amma makanike ya kasa kunne ya ce injin nan zai binne mu duka. Ɗayar fara ce, ƙirar waccan sak, sai dai tana tari tana hayaƙi. Baba ya zagaya shuɗiyar don kada a ce bai duba ba, ya koma ya dafa farar. Ni da ƙannena mun tura motar nan har muka yi ƙwanji. Duk lokacin da ta mutu a tsakiyar titi, Umma kan leƙo ta taga ta ce, "Malam, ni fa har yau ba ka faɗa mini da wa na yi kama ba." Shi kuma ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Ni ce babba a gidan, kuma ni ce mai baki. Uwata yake kirana. In an rasa mai faɗa masa gaskiya ni ake turawa, don ni kaɗai yake bari in ƙarasa magana.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yana shan magani in ya tuna. Abin da ba mu sani ba shi ne ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafa, yatsan nan da yake taƙama da shi ya daina jin komai, shi kuwa ya ɓoye. Robar birkin ta cinye, bakin ƙarfen waldar ya fito da kaifi, yana ta taka shi da ƙafa tsirara yana yankarsa bai sani ba. Umma ce ta fara ganin jini a darduma. Da ta matsa, sai ya ce ƙaya ce. Ya riƙa ɗaure wurin da tsumma yana sa safa, mutumin da ko a lokacin sanyi ba ya sa safa. Ranar da na tsare shi na cire safar da hannuna, sai da na kau da kai. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara bin sahu.

Likitar da ta duba shi a babban asibiti mace ce gajera, ba ta da yawan magana. Ta danna nan, ta danna can, tana tambaya ko yana ji, yana cewa e, alhali idonsa na kan hannunta. Ta ce ya kalli silin. Daga nan bai ƙara cewa e ba.

"Baba, hanya biyu ce," in ji ta. "Ko mu cire babban yatsan da na kusa da shi yanzu, wurin ya warke, ka taka ƙafarka. Ko mu riƙa wankewa da ba da magani mu jira. Ta biyun ban ba ka shawararta ba, don jini ba ya isa wurin, naman ya riga ya mutu."

Baba ya ce, "Birki fa?"

"Za ka taka, da tafin ƙafa. Amma da takalmi."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kin ji, Uwata? A tsufana za a sa ni takalmi a mota." Ya dubi likitar. "A cire, 'yata. Yatsa ne, ba wuya ba."

Wallahi da kunnena na ji. Aka ba shi gado, aka ce sai an daidaita sugan, jibi da safe za a shiga da shi. Na fito na kira ƙannena na ce su kwantar da hankalinsu, tsoho ya ba mu mamaki.

Washegari da la'asar, lokacin ziyara, sai ga Injiniya da ledar lemo da ayaba. Tsohon ɗalibin Baba ne, yanzu yana aiki a ƙasar waje, ya zo hutu ya ji labari. Mutumin kirki ne, ban taɓa ce masa mugu ba, amma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu su bar shi ba su gyara ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi jiki, da ya ji abin da za a yi sai ya riƙe baki.

"Yankewa? Haba! Har yanzu nan yanka ake yi? Baba, can inda nake an wuce wannan. Wata 'yar siririyar waya suke zurawa ta jijiya, suna kallo a na'ura, su buɗe inda ya toshe, jini ya sauka. Maigidana a wurin aiki an yi masa, da ƙafarsa ya fito, ko farce ba a taɓa ba."

Ya ciro waya ya nuna masa bidiyo. Ɗaki fari tas, na'ura mai fitilu, ga jijiya a allo kamar busasshen reshe, sai ka ga baƙin layi ya ratsa ta ya cika ta. Baba ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa. Na ɗago na dubi Umma, na tarar ita ma ni take kallo, hannunta ya tsaya a kan lemon da take ɓarewa. Mun san fuskar nan, a bakin shagon dillali muka taɓa ganinta.

Da likita ta zo zagaye, tun ba ta ƙaraso gadon ba ya tare ta da maganar. Ba ta yi masa ƙarya ba, kuma na so a ce ta yi.

"Akwai shi, gaskiya ne. Amma babu a asibitin nan, babu a duk inda za ku iya kaiwa da wannan ƙafar. Ko da akwai ma, tun kafin nama ya mutu ake yi. Abin da ya mutu waya ba ta tashinsa."

"Amma akwai," in ji Baba.

"Akwai, amma ba naka ba ne, Baba."

"To."

Likitar ta ɗauka an gama, ta wuce gado na gaba.

Da safen da za a shiga da shi na iso na tarar ya sa rigarsa, ya naɗe bargo, yana zaune a bakin gado da hularsa. Ashe ɗan'uwan wani majinyaci ya ba shi labarin wani wuri a saman shagon fenti, inda ake gasa ƙafa da na'ura, jijiya ta buɗe, ba yanka ba komai.

"Baba, shekaranjiya da bakinka ka ce a cire."

"Shekaranjiya ban san ana gyarawa ba."

"Ba a gyara irin taka! Ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Ta ce su ba su da na'ura. To ga mai na'ura."

Na yi magiya, na yi faɗa har nas ta ce in rage murya. Likita ta zo ta sake yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara cikin ladabi yana gyaɗa kai, ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya nemi sandarsa. Kafin mu fita ta ja ni gefe ta ba ni biro. Ta ce in zana layi a inda baƙin ya tsaya, ranar da ya tsallake in kawo shi ko da ɗaure shi zan yi.

Wurin mai na'urar yana da tsabta, ba zan yi masa ƙazafi ba. Tayil fari, labule fari, shi kansa da farar riga har gwiwa da murmushin da ba ya gajiya. Na'urar kuwa wata akwati ce mai ƙaramin allo da jar fitila a kan doguwar wuya, tana ƙara ɗin-ɗin, lambobi na hawa suna sauka. Ya wanke ciwon, ya shafa wani abu, ya saita fitilar a kan ƙafar. Baba ya jingina ya lumshe ido.

"Kin gani, Uwata? Irinta ce. Har allon."

"Fitila ce, Baba. Irin wadda ake kunna wa 'yan tsaki."

Mai na'ura ya yi dariya ya ce ai haka 'yan boko suke, sai sun gani. Na tambaye shi ko ya taɓa warkar da yatsan da ya yi baƙi haka. Ya ce jiki daban-daban ne, kuma waraka ta Allah ce. Na rasa ta inda zan kama shi.

Haka muka riƙa hawa benen nan, ni da ƙanena muna riƙe da shi ta hammata. Na zana layin da rana yana barci a tsakar gida, na zagaye tushen yatsun da biro. Kullum in Umma za ta canja bandeji sai in tsaya a kanta. Da farko baƙin ya tsaya a wurinsa, har na fara tunanin ko ni ce mai taurin kai. Sai ya taɓa layin. Sai ya haura. Na nuna masa, ya ce ai dattin ne ke fitowa, mai na'ura ya riga ya faɗa masa za a ga haka. Ɗakin ya fara wari, Umma ta riƙa kunna turare tana buɗe tagogi, baƙi suka riƙa gaisuwa daga bakin ƙofa. Abinci ya daina shiga. Jikinsa ya riƙa zafi yana sauka. Na sake zana wani layin a tsakiyar tafin ƙafar. Na ce wa ƙannena mu ɗauke shi da ƙarfi, suka ce su ba za su iya ɗaure ubansu ba. Ni ma da na je gabansa ya ɗago ya kalle ni, na kasa.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinsa a kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin tsoron rasa mutum haka ba. Ina shagon da nake aikin buga takardu, waya na ƙara sai in saki aiki in duba ko daga gida ne.

Wata safiya ya tashi da ƙarfinsa, ya ce yau ƙafar ta yi sauƙi, har yana jin ɗumi a cikinta. Akwai wata malamar makaranta da ta biya kuɗin koyo tun kafin ya kwanta, tana ta kira, ya ce a gaya mata ta same shi a fili. Na ce ba inda za shi. Ya ce in ba zan kai shi ba zai hau babur. Na kai shi, na shige kujerar baya na ce ba mai fitar da ni.

Malamar sabuwar hannu ce, ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mata. Baba ya ɗora ƙafarsa mai bandeji a wurinta, ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da. "A hankali, malama. Saki kuloci kaɗan-kaɗan, ba gudu yake ba." Muka zagaya tayoyin lafiya. A zagaye na gaba wani tsoho ya ɓullo daga bayan sito yana tura baro cike da bulo, ya ratso filin kansa a ƙasa. Malama ta gan shi, ta ce wayyo, ta danna totur.

Motar ta zabura. Na ga kafaɗar Baba ta motsa, na ga cinyarsa ta miƙe, ya taka da duk ƙarfinsa. Ba abin da ya faru. Injin na ihu, tsohon ya ɗago ya daskare riƙe da baronsa. Ban san lokacin da na faɗa tsakanin kujerun na fizgo birkin hannu da hannu biyu ba. Motar ta ja gefe, ta watsar da galan-galan, ta mutu. Hancinta na gogar tayar baron.

Malama ta kifa kai a sitiyari tana kuka. Tsohon ya zagaye mu yana faɗa. Baba bai kalli kowa ba, ƙasa yake kallo. Ƙafarsa na dafe da daɓen motar, gefen birkin, har yanzu yana dannawa. Bai ma san ta zame ba.

"Uwata," ya ce a hankali, "ki kai ni wurin yarinyar nan ta asibiti."

A asibiti tun daga bakin ƙofa ya fara magana, har da fara'a, kamar wanda ya zo da albishir. "Likita, ga mai taurin kai ya dawo. A cire yatsun, na yarda. In kina so ma ki haɗa da na ukun."

Likita ta nuna masa gado. Ta sa safar hannu ta warware bandejin. Nas ɗin da ke gefenta ta gyara takunkumin fuskarta. Likita ta bi ƙafar da yatsa daga tafi zuwa idon sawu, ta haura ƙauri tana dannawa, ta ga layukan birona da baƙin ya bari a baya. Ta aika a auna jininsa da zafin jikinsa. Sannan ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Baba, maganar yatsu ta wuce. Yanzu daga ƙasan gwiwa ne, kuma yau. In aka jira, saman gwiwa ne. In aka ƙara jira, gubar ta shiga jini, ba maganar ƙafa za mu yi ba."

"Amma ke kika ce yatsu."

"Na ce, a wancan lokacin."

Ya kalli ƙafar. Sannan ya ce, "To."

Na ji kamar in kurma ihu. Kuma ban yi kuskure ba, don bai rufe baki ba ya ɗora: "Babu wani abu kusa da wancan? A cire rabin tafin, a bar mini diddige?"

"Ana iya yanka a nan," ta nuna, "amma ba zai warke ba, don jini ba ya zuwa. Za ka dawo, kuma a lokacin gwiwar ma ba za mu same ta ba."

"Amma ana iyawa."

Na miƙe tsaye. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. "Baba, ya isa! Yatsun sun tafi, kamar yadda na'urar Injiniya ba ta zo ba. Babu su! Gwiwa ce a gabanka, ita ma yau kaɗai take nan. Kana ta kallon abin da babu, abin da ke akwai yana ruɓewa a hannunmu. Ni na gaji da zana layi a jikinka!"

Ya kalle ni, leɓensa na rawa, ban san ko zazzaɓi ne ko fushi ba. Umma, wadda muka biya gida muka ɗauko, ta matso ta gyara masa hular da ta karkace.

"Malam," ta ce, "ni ba ƙafa na aura ba. Ka bar mini sauran."

Ya rufe ido. Da ya buɗe, likita ya kalla, ya gyaɗa kai.

Ba su ɓata lokaci ba. Kafin azahar an sa masa ƙarin ruwa, an canja masa riga, an ɗora shi a gadon turawa. Muka bi shi ta dogon barandan har ƙofar ɗakin tiyata, inda ba a barin kowa ya wuce. Nan ya kamo wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, ya jawo ni har kunnena ya kai bakinsa.

"Uwata, likitar nan tana jin maganarki. Ki ce mata in sun buɗe su duba da kyau. Wataƙila yatsun kaɗai za su isa."

"Zan faɗa mata, Baba."

"Ki yi alkawari."

"Na yi."

Ya sake ni, aka tura shi ciki. Jim kaɗan sai ga likitar ta taho da sauri cikin korayen kaya, tana ɗaure hular tiyata. Ta tsaya a gabana, hannunta a kan ƙofar.

"Na ga yana yi miki magana. Akwai wani abu?"

"Babu, likita," na ce. "Ku shiga."

Umma ta ji shi, ta ji ni. Ta matsa mini wuri a benci.